Nineba da Babila: faɗuwa iri biyu

Annabi Nahum ya yi shelar halakar Nineba, babban birnin Assuriya, saboda zubar da jini da ƙarya, kuma a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu Mediyawa da Babiloniyawa suka ƙone ta, kufanta na nan daura da birnin Mosul na ƙasar Iraƙi. Hukuncin Babila kuwa, wanda annabawa Ishaya da Irmiya suka faɗa, bai zo da gaggawa ba. Sarki Sairus na Farisa ya karɓe ta a 539 ba tare da rushe ganuwarta ba, sai mutane suka riƙa watsewa ƙarni bayan ƙarni, har fadodinta suka zama kufai, irin mazaunin diloli da jiminai da annabawan suka faɗa. Ni wannan ya fi girgiza ni, domin mazaunanta sun daɗe suna zaton sun tsira.