Papiyon 62 ko 70 a kan B16A? Ɗauki 62

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena mai Civic, kai da ka sa salansa da kam (sandar da ke buɗe bawul) sabbi a injin B16A kake tambayar ko papiyon, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga injin idan an taka totur, mai milimita 62 za ka ɗora ko mai 70: ɗauki 62, na asali na Honda, irin wanda ke zuwa a kan injin B18C na motar Integra Type R.

Shi ne a kan tawa motar, kuma injinmu ɗaya. Na same shi ne a jikin wani injin okaziyo da ya zo daga Kwatano, kilas ɗinsa, wato kan injin, ya tsage amma papiyon lafiya lau, da kaftocinsa, wato na'urorin da ke kai wa ƙwaƙwalwar mota bayani, duka a jiki. Makanikina dattijo ne mai haƙuri. Bai yarda ya ɗaura shi haka kawai ba. Ya kwance kolektar, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, gaba ɗaya, ya aza sabon gasket a bakinsa, ya zana da'ira da alƙalamin maka, sannan ya zauna a kan benci yana cin ƙarfen kaɗan-kaɗan yana shafawa da yatsa, har sai da babu wani tudu tsakanin papiyon da kolektar. Ya wanke shi da mai, ya busa da iska, ya sake wankewa, don kada garin alminiyom ko ƙwaya ɗaya ya bi iska ya shiga silinda. Da dare muka fita hanyar Dosso inda titi ya yi sarari. A giya ta uku, bayan VTEC, tsarin Honda mai ƙara buɗe bawul idan juyi ya hau, ya buɗe, allurar juyin injin ta ci gaba da hawa ba tare da wannan ɗan numfarfashi da take yi a can sama ba. Ba wani ƙarin doki mai yawa ba ne, kada in ruɗe ka. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne washegari da safe a cunkoson gadar Kennedy: mota na tafiya a hankali a giya ta ɗaya ba fizga, ralanti, wato juyin injin idan ba a taka totur ba, a zaune daram, uwargida ma tana ɗaukarta zuwa kasuwa ba ta taɓa cewa an canza wani abu ba.

Shi kuwa 70, yana da kyan gani idan an buɗe bonet. Na tuƙa motar wani abokinmu mai shi, ban ji abin da zai sa in biya kuɗinsa ba.

Ga lissafin, don kada ka ce son raina ne. Injin lita 1.6 mai bugu huɗu yana cika silindarsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 8000 a minti ke nan iskar da zai iya sha ba ta wuce wajen lita 6400 a minti, kuma tun da babu turbo, babu mai tura masa fiye da abin da fistan ya zuƙo. Papiyon ɗinka na kamfani milimita 60 ne. Faɗin ƙofa ba ya ƙaruwa daidai da lamba, ninkin lambar a kanta yake bi: daga 60 zuwa 62 ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari ne, daga 60 zuwa 70 kuwa kashi 36. Shin salansa da kam sun ƙara wa injinka shan iska da kashi 36? Ko kusa. Honda da kanta ta fitar da doki kusan 200 daga lita 1.8 da papiyon 62. B16A ya fito da 160 zuwa 170 ne, kuma da gyaran da ka lissafa ba ka kai ga 200 ba tukuna.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne taɓawar farko. Da babban papiyon, kana ɗan taɓa totur sai iska mai yawa ta shiga, mota ta zabura, sai ka ce ƙarfi ya ƙaru. A ƙaramin juyi tun kafin ƙafarka ta kai rabi injin ya riga ya sami duk iskar da yake so, sauran takun na banza ne. Wato an tattara maka dukan ikon ƙafa a ɗan wuri kaɗan, shi ya sa a cikin yashin unguwa ko a randabawul motar ke tsalle. Kuma idan bakin kolektar ɗinka na kamfani ne, iskar da ta fito daga ƙofar 70 bango za ta tarar a gabanta.

Ban ce 70 ba shi da gida ba. Injin lita 2 ko fiye, an buɗe hanyoyin kilas, an ɗaga matsi, an sa babban kolektar, an sake tsara ƙwaƙwalwar mota, can ne wurinsa.

Kafin ma ka fitar da jika ɗaya, ka gwada ka gani ko na yanzu yana shaƙe injin. Ka ari agogon auna zuƙa a garaji, a haɗa shi da ƙaramin tiyo a kolektar, wani ya zauna gefenka yana kallo. Ka taka totur har ƙasa a giya ta uku zuwa kusa da jan layin agogon juyi. Idan allura ta faɗi ta kwanta a sifili, hanyar iskarka ba ta da laifi, kuɗinka ya fi amfani a wurin mai tsara ƙwaƙwalwa. Idan tana ɗagowa yayin da juyi ke hawa, akwai abin da ke shaƙe shi, amma ka fara duba filta. A Yamai sau da yawa ita ce mai laifin, ƙurar hunturu ba ta barin ta. Kuma don Allah ka rabu da buɗaɗɗiyar filtar nan mai siffar mazurari da ake bari tsirara kusa da injin. Iska mai zafin digiri 45 ta fi mai digiri 15 rashin nauyi da kusan kashi 10 cikin ɗari, a watan Afrilu kuwa abin da ke cikin bonet ya wuce 45 nesa. Wanda ya jawo iska mai sanyi daga waje ya fi mai babban papiyon riba.

Sai maganar masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Akwai masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda za su wanke papiyon ƙaramin injin Honda samfurin D da mai ya yi ƙyalli su ce maka na Type R ne. Kada ka je da ido kawai, ka tafi da ma'aunin kulis, mai auna faɗin rami, a aljihu. Ka auna ta baya, ɓangaren da ke manne da kolektar, don bakin gaba ya kan fi faɗi, kuma can suke aza maka ma'auni. Sabbin masu sheƙi da ake odarsu ta intanet da sunan manyan kamfanoni, da yawansu jabu ne: faifan da ke buɗe ƙofar iska ba ya rufewa daidai, ralanti ya hau ya ƙi sauka, wani ma ya maƙale a buɗe idan ƙarfe ya ɗau zafi, wannan kuwa maganar rai ce. Ka ɗaga shi ka fuskanci rana, idan haske mai kauri na ɓullowa ta gefe ɗaya, ajiye. Ka girgiza sandar faifan, idan tana wasa, ajiye. Ka kuma yi sharaɗi a gaban shaida cewa idan bai yi ba za ka mayar.

In ka samu na kirki, a sa sabon gasket, a daidaita bakin kolektar, sannan a saita kaftar totur da mita: wajen volt 0.5 idan yana rufe, wajen 4.5 idan ya buɗe duka. A wanke bawul ɗin ralanti tun da an riga an kwance. Igiyar totur kuma a bar mata ɗan sako-sako, kada a ɗaure ta tamau. Allah ya sa a yi a sa'a, ƙanena.