Yanke Hoto ta Layin Umarni: Wace Manhaja Ce Ta Cancanci Ka Sauke?

In hoto ɗaya ne za ka yanke, linzamin kwamfuta ya ishe ka. Amma ranar da aka ajiye maka hotuna ɗari uku aka ce a cire gefe iri ɗaya daga kowanne, dole ka nemi layin umarni, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni maimakon latsawa. Duk manhajojin da zan ambata kyauta ne, don haka abin da za ka iya asara lokacinka ne, ko hotunan kansu.

Ni dai ImageMagick nake riƙe da ita, kuma ba na ɓoyewa. Tsohuwar hannu ce: John Cristy ya fara rubuta ta a 1987, aka sake ta ga jama'a a 1990. Ga yadda aikin yake:

magick asali.jpg -crop 800x600+100+50 +repage sabo.jpg

Lambobi biyun farko faɗi ne da tsayi. Biyun ƙarshe kuwa inda wuƙa za ta fara: fiksel (ƙananan ɗigon da suka haɗa hoto) 100 daga hagu, 50 daga sama. In tsakiyar hoton kake so, sa -gravity center kafin -crop, ka mayar da lambobin ƙarshe +0+0. Kada ka ce za ka bar su gaba ɗaya. Da zarar ka rubuta 800x600 kawai, sai ta ɗauka gunduwa-gunduwa kake so, ta daddatsa hoton duka, ka tarar da folda cike da fayiloli. Shi kuma +repage, aikinsa goge tunanin tsohon girman hoton, wanda PNG da GIF kan riƙe, ya zo ya dame ka daga baya. Hoton waya kuwa, fara sa masa -auto-orient, in ba haka ba abin da kake gani a matsayin sama yana iya zama gefe a cikin fayil. A sigar 6 sunan umarnin convert ne, a sigar 7 ya koma magick.

Sauran fa? GraphicsMagick ta ɓalle daga ImageMagick a 2002, rubutun kusan ɗaya ne, ban ga dalilin sauya gida ba. FFmpeg tana yankewa da crop=800:600:100:50, amma ta bidiyo ce, yanke hoto da ita kamar fere lemo da gatari ne. Ita vips ba ta cin ƙwaƙwalwar kwamfuta ko a kan ƙaton hoto, sai dai tana fara karɓar hagu da sama kafin faɗi da tsayi, kullum sai na rikice. sips ta masu Mac ce kaɗai.

Guda ɗaya ce nake sara wa: jpegtran. Duk lokacin da aka buɗe JPEG aka sake ajiye shi, ingancinsa na ɗan zubewa, har a ImageMagick. jpegtran tana yanka ba tare da ta sake matse hoton ba. Sharaɗinta shi ne kusurwar hagu ta sama ta faɗa kan iyakar tubalan hoton, masu fiksel 8 ko 16. In ba ta faɗa ba, sai ta matsar da ita da kanta, hoton ya fito ya ɗan fi abin da ka nema.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne ko umarni zai taɓa fayil na asali, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na taɓa kwafo layi daga wani shafi, mai shi ya rantse yana aiki. mogrify ne a ciki, ɗan'uwan magick da ke rubutawa a kan asalin fayil. Na latsa, ko daƙiƙa goma ba a yi ba hotunan wani aiki kaf suka koma guntaye, ga shi ba ni da kwafi. Laifina ne da ban karanta ba. Yanzu ba na kiransa sai da -path da ke nuna wata folda daban.

Sai maganar 'yan damfara. Idan ka nemi manhajar a intanet, tallar da ke saman sakamako na iya zama kyan ɗan maciji: suna iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma an cusa wani abu a cikin fayil ɗin. Ka sauke daga imagemagick.org, ko ta manhajojin sauke manhaja irin su apt (a Linux) ko brew (a Mac). Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a buɗe maka "cikakkiyar siga", ƙarya yake yi. Shafukan da ke cewa ka loda hoto su yanke maka kuwa, ka tuna ka miƙa musu cikakken hoton ne, har da wurin da kake son ɓoyewa. In kuma sabar ka (kwamfutar da ke riƙe da shafinka na intanet) ce za ta riƙa karɓar hotunan baƙi, ka sabunta ImageMagick ka duba fayil ɗin dokokin tsaronta, policy.xml, don a 2016 an gano ɓarakar da aka kira ImageTragick, wadda ke barin gurɓataccen hoto ya gudanar da umarni.

Ko yankan kansa yana yaudara. A 2023 an gano cewa ana iya dawo da ɓangaren da aka yanke daga hotunan allo na wayoyin Pixel, saboda ragowar bayanan na nan a ƙarshen fayil. Haka ɗan ƙaramin hoton da kyamara ke ajiyewa cikin bayanan EXIF (bayanan da take ɓoyewa a cikin fayil ɗin hoto) na iya ci gaba da nuna asalin hoton. Idan takardar sirri kake yankewa, ƙara -strip a umarnin, ka ba fayil ɗin sabon suna, sannan ka buɗe shi ka duba da idonka kafin ka tura.