Daga Shara Mansur: Abin da Ake Sha a Nan

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ku da su Inna da yara kuna lafiya. Ka ce in ba ka labarin abin shan mutanen nan, tunda kana tunanin buɗe wa Umman yara shagon zoɓo da kunun aya. To ga abin da idona ya gani a Makka.

Ranar da wani dattijo Basa'ude ya fara gayyata ta gidansa, ɗansa ya shigo da buta mai dogon baki a hannun hagu, ƙananan kofuna a dama. Ya zuba mini gahawa ɗan kaɗan, ko rabin kofi bai kai ba. A raina na ce yau na haɗu da rowa. Ashe karramawa ce; cika kofi kamar a ce maka sha ka tashi ne. Gahawar ba baƙa ba ce, ruwan ɗorawa ce, ba sukari, sai ƙamshin hel, wani kayan ƙamshi da Turawa ke kira cardamom, dabino ne ke ba ta zaƙi. Ina shanyewa yana ƙarawa, har sai da wani Bakano da ya daɗe a nan ya raɗa mini cewa in girgiza kofin. Alamar ka ƙoshi ke nan. Wannan abin da ka ga ƙarami, gwamnatinsu ta ɗauki shekarar 2022 sukutum ta ce shekarar gahawar Saudiyya ce, suna tallata wadda ake nomawa a duwatsun Jizan. Mu wa ya taɓa yi wa fura haka?

Da azumi kuwa sobiya ce sarauniya a Makka da Jidda. Sha'ir ko busasshen burodi ake jiƙawa da kirfa da hel, a tace, a ƙulla a leda kamar yadda ake ƙulla kunu a Kurmi. Akwai fara, akwai ja, kuma kafin Magariba sai ka bi layi. Tana da daɗi, amma ruwa-ruwa ce, ba ta riƙe ciki. Vimto ma, wanda asalinsa daga Ingila yake, ba gidan da ba ka ganinsa lokacin buɗa-baki. 'Yan Yaman na da shayinsu na Adan mai madara, 'yan Pakistan da Indiya na da shayin karak, mutanen Sham kuma kamaruddin, wani abin sha na busassun 'ya'yan itace. A titi guda sai ka zaga duniya da kofi.

Amma inda zuciyata ta kwanta wajen maƙwabtana 'yan Sudan ne. Ran nan suka miƙo mini jan abu mai sanyi, suka ce karkade. Na kurɓa, wallahi zoɓo ne, zoɓonmu! Tsamiya su ce aradeb, kwalba da nono da muke yi da garin ɗan kuka su kuma su jiƙa shi su ce gongolez. Suna da wani na azumi, hilu-mur, wato zaƙi da ɗaci. Dawa ake jiƙawa har ta tsiro, a shanya, a niƙa, a kwaɓa da kayan ƙamshi, a bar shi ya yi tsami, sannan a gasa shi fale-fale a kan tanda. In za a sha sai a ɓalli kaɗan a jiƙa a tace. Busasshe ne, yana wata da watanni bai lalace ba, shi ya sa ake aiko musu da shi daga gida a kwali. Wannan dabarar ta tsaya mini a rai, domin kunun ayarmu kafin La'asar ya juya.

A nan ne fa suka fi mu, Yaya. Wuta ba ta ɗaukewa, kowane ƙaramin kanti firijinsa na aiki dare da rana. Laban ɗinsu, wato nononsu, a rufe yake, da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace a jikin roba, ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, kuma suna zagayawa dubawa. Ba mai sayen ƙanƙara don ya tsare jarinsa. Sai dai a ɗanɗano laban bai kama ƙafar kindirmon da Fulani ke kawowa a ƙwarya ba. Matanmu na unguwar nan suna yin fura da geron da ake kira dukhun, a dama da laban, mu sha muna tuna gida, amma akwai abin da ba ya fitowa.

Don haka ka gaya wa Umman yara kafin ta kama shago ta fara tanadin firiji mai sola da robobi masu murfi. Zoɓon kuma ta riƙa haɗa busasshe da citta da kanumfari a ƙulla, ta gwada sayar da shi haka. In wani alhaji zai taso, ku haɗo mini da aya da ɗan garin fura mai yaji. A gaida Inna, a ce mata jarkar zamzam ɗinta na nan tafe.