Kular silba mai hawa uku ga mai tafiya aiki da abinci marar nama

Kular nan ta silba da ake ɗora kwano kan kwano, a ɗaure su da ƙugiya biyu a gefe, ana samunta a shagunan kayan kicin na Kasuwar Wunti a Bauchi. Kowane kwano yana cin kusan rabin lita. Ga wanda abincin ranarsa babu nama, babu kifi, babu ƙwai, babu man shanu, ta fi robar da ake zuba abincin sayarwa nesa ba kusa ba, domin manja ba ya rina ta, kuma ba ta narkewa in an zuba abinci da zafinsa. Amma sai an san halinta.

Jikinta ninki biyu ne, sai dai ba irin na filas ɗin shayi ba. Zafin da take riƙewa bai wuce na awa uku zuwa huɗu ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a dafaffen abinci tsakanin digiri 5 da 60, kuma a watan Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kai digiri 40. Rashin nama ba ya hana abinci lalacewa. Shinkafa ma ta fi haɗari, don ƙwayar da ke ɓata ta tana tsira daga dahuwa, gubarta kuma ɗumame ba ya kashe ta. Saboda haka a cika kwanukan da tafasasshen ruwa, a rufe minti 10, a zubar, a goge, sannan a zuba abincin yana turiri. A cika kwanon sosai, don wanda aka zuba masa rabi ya fi saurin hucewa. Abin da aka zuba ƙarfe 7 na safe a ci shi kafin 11, kada a jira La'asar.

Babban aibinta shi ne murfin sama kaɗai ke da zoben roba. Kwanuka biyu na ƙasa hawa juna kawai suke yi, don haka in Keke Napep ya faɗa rami, miyar da ke tsakiya sai ta gangaro ta gefe ta ɓata jaka. Miya ko faten wake mai ruwa a sama za a sa su. Ƙasa wurin garau-garau ne ko dambun zogale. Tsakiya na soyayyar awara ne ko alale. Awarar a bar ta ta sha iska minti 5 kafin a rufe, in ba haka ba gumi ya jiƙa ta, ta yi laushi. Ɗanwake kuwa sai an juya shi da man gyaɗa cokali biyu tun yana da zafi, ko ya dunƙule ya zama curi guda.

Kwaɗo ne wannan kula ba ta yi masa adalci. Zafin kwanon ƙasa yana hawowa ya ɗumama zogale ko rama, tumatir ya saki ruwa, ƙuli-ƙuli ya jiƙe ya fara tsami. Gara a ɗauki kwaɗon a wani mazubi daban, garin ƙulin a ƙulle shi shi kaɗai, a haɗa lokacin ci.

Mai girki ba nama, romo ne matsalarsa, kuma maganin yana cikin abin da ake zubarwa bayan an dawo cefane daga kasuwar Muda Lawal: gindin albasa da ɓawonta na ciki, lawashi, kan karas da kankararren bayansa, karan alayyafo, zuciyar kabeji, tumatir da ya yi laushi amma bai ruɓe ba. A wanke sosai don ƙasa. Cikin hannu biyu na wannan tarkace a ruwa lita ɗaya da rabi, da citta ɗan yanki, tafarnuwa ƙwaya biyu, daddawa rabin ƙulli. In ya tafasa a rage wuta minti 30, a tace. Da wannan ruwan za a dafa wake gwangwani ɗaya da shinkafa gwangwani biyu, ɗanɗanon ya bambanta ƙwarai da na ruwan famfo. Kabeji in ya yi yawa romon zai yi ɗaci, busasshen ɓawon albasa kuma yana duhunta shi. Ɓawon rogo, ɓawon dankalin Turawa da ya yi kore, da duk abin da ya yi fumfuna, ba sa shiga tukunya ko kaɗan. Inda wuta ba ta tsayawa, kada a tara tarkacen a firiji ana jiran ya yi yawa, zai yi yauƙi. A dafa a ranar, ko a shanya lawashi da karas a faranti su bushe ƙayau. 'Ya'yan kabewa ma a wanke, a shanya, a soya ba mai da ɗan gishiri, a barbaɗa kan dambu.

Wajen wanki, zoben robar yana riƙe warin daddawa. A cire shi kullum, a jiƙa a ruwan ɗumi da lemun tsami, ya bushe kafin a mayar. Kada abinci mai gishiri ya kwana a ciki, yana cin silbar ya bar ɗige-ɗige. Ba a ɗora ta a wuta.

Wajen saye a juya kwanon a duba ko an buga lamba 304 a gindinsa, alama ce ta silba mai jure tsatsa. A ja ƙugiyoyin a ji ko suna kamawa da ƙarfi. In mai shago ya yarda, a zuba ruwa a kwanon sama, a rufe, a karkata shi a gani.