Inhela, ƙwaya ko nebulaiza: wanne ya dace da mai asma ko emfisima?

Jama'a akwai abin da yake damuna game da maganin buɗe hanyar numfashi, mutane da yawa sun ɗauka duk inhela ɗaya ce, in dai ka fesa ƙirji ya saki shikenan. Ba haka bane wallahi, kafin ka kai takardar likita a baka magani ya kamata ka san me kake siya.

Akwai mai saurin aiki, salbutamol wadda aka fi sani da Ventolin, yawanci shuɗiya ce. Cikin 'yan mintuna take sakin tsokar da ta matse hanyoyin iska, aikinta kuma awa 4 zuwa 6 ne, ita ce ta gaggawa, a aljihu take zama. Amma fa ba ta taɓa kumburin da ke cikin hanyar iskar, shi yasa tun 2019 kwamitin GINA na masana asma ya daina yarda mai asma ya dogara da ita ita kaɗai. In kana shanye gwangwani 3 ko fiye a shekara to asmar ba ta kwanta ba, ka koma wajen likita.

Masu dogon aiki irin salmeterol da formoterol suna riƙe mutum kamar awa 12, sai dai mai asma ba ya shaƙarsu su kaɗai, dole a haɗa da siteroid, maganin da ke rage kumburin hanyar iska, shi ne ake samu a Seretide da Symbicort, kuma bayan ka shaƙa ka kurkure baki ka tofar don kar fararen ƙuraje su fito maka a baki. Mai emfisima kuwa, wanda ƙananan jakunkunan iskar huhunsa suka riga suka lalace, sau da yawa tiotropium ake bashi, Spiriva kenan, sau ɗaya a rana. In na kafsul aka baka, ba na haɗiya bane don Allah, cikin na'urar ake sawa a huda a zuƙa. Yana busar da baki, kuma mai matsalar riƙewar fitsari ko gilakoma, ciwon ido da ake kira hawan jinin ido, ya faɗa wa likita tun farko.

Na'urar ita kanta ce inda nake ganin an fi asara. Ta fesawa sai ka danna daidai lokacin da kake jan numfashi a hankali, sannan ka riƙe numfashin kamar daƙiƙa 10, da yawa ba sa iyawa, maganin sai ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Ni dai da zan zaɓa wa yaro ko tsoho, ta fesawa zan ɗauka haɗe da sifesa, kwalbar robar nan da ake maƙalawa a bakinta, ka fesa a ciki ka shaƙa a natse. Inhela mai garin magani ba ta buƙatar wannan daidaitawar amma tana son zuƙa mai ƙarfi, wanda huhunsa ya yi rauni sosai ba lallai ya iya ba, kuma danshi yana ɓata ta. Nebulaiza, injin da ke mayar da ruwan magani kamar tururi ana shaƙa, mutane suna ganin ta fi ƙarfi, alhali a yawancin tashin asma inhela da sifesa tana yin aikin da take yi, ga ta da son wuta da wanki kullum.

Ƙwaya da sirop na salbutamol ban ba kowa shawararsu ba in akwai inhela, sun fi jinkiri kuma sun fi sa rawar hannu da bugun zuciya. Tiyofilin ma, wani maganin buɗe hanyar numfashin, tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ba nisa, har gwajin jini ake yi a kansa.

In kana shan propranolol na hawan jini ka sanar da likita, yana iya toshe aikin salbutamol ya tayar da asmar. Kuma ranar da ka fesa shuɗiyar ƙirji bai saki ba, ko ka kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓe ya fara shuɗi, kar a tsaya jira a gida, asibiti kai tsaye.