Keken hawa dutse: wanda zan saya, da wanda ko kyauta ba na so

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa ta kai mita 1,829. Duk wanda ya bi ta bayan Lamingo ya nufi can a kan keke ya san abin da ke tsakani: burji, tsakuwa mai santsi, falalen dutse, burtalin shanu da damina ta zaizaye, ga ramukan da masu haƙar kuza suka bari ta wajen Rayfield da Bukuru. A irin wannan hanya ake gane ko keke mutum ya sayo ko fenti. Sababbin shiga harkar kullum tambayarsu ɗaya ce, wanne zan saya? Ni dai ba zan ɓoye zaɓina ba.

Ka nemi ɗan gwanjo mai bodin alminiyam, mai shoka a gaba kawai, bayansa a sandare. Giant Talon, Trek Marlin, Specialized Rockhopper, duk 'yan gida ɗaya ne ta wannan fuska, amma in aka jera mini su, Talon zan ɗauka. Kamfanin Giant na Taiwan ne, tun 1972 yake aiki, kuma ya daɗe yana ƙera wa wasu manyan kamfanoni bodin keke su manna sunansu. Kenan aikin da za ka biya da tsada saboda suna, a nan za ka same shi da sauƙi. Nauyin irin wannan keke yana tsakanin kilo 13 zuwa 14. Wanda bai taɓa saɓa keke a kafaɗa ya tsallaka rafi ko ya haura dutsen da taya ba ta iya hawa ba, ba zai ga muhimmancin wannan ba, amma a hanyoyinmu ɗaukar keke rabin tafiya ne. Shokar gaban tana nutsewa kimanin milimita 100, kuma ta isa ta shanye dukan da zai kashe maka wuyan hannu a kan tsakuwa. Bayan da ke sandare shi ne daɗin abin a hawa: duk ƙarfin da ka zuba a feda tayar baya yake tafiya, babu inda yake zurarewa. Sannan ba shi da gaɓoɓi da yawa, don haka abin da zai lalace kaɗan ne, kuma yawancinsa mai gyaran keke na unguwa zai iya taɓawa.

Giya ita ce wurin da ake ruɗar mutane da lissafi. Dillali zai ce maka “ai wannan giya 21 gare shi” yana ɗaga murya, alhali yawan giya ba shi ne magana ba. Tsuguna ka dubi faifan haƙoran baya, ka ƙirga haƙoran mafi girma. In 28 ne, za ka sauka ka tura a hawan farko mai tsanani. Wanda ya kai 32, 34 ko 36 shi ne na dutse. Kayan Shimano kuma, wato kamfanin da ke ƙera giya da birkin keke, hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore, daga nan SLX, XT da XTR na masu gasa. Tourney na zuwa kasuwa ne da dawowa. Daga Altus zuwa sama ana iya zama lafiya, Deore kuwa in ka samu ka riƙe shi da kyau. Ni na fi son tsohon yayi mai faifai 8 ko 9 a baya, domin kacarsa tana da kauri, tana jure ƙurar hunturu, kuma ana samunta. Sabon yayi mai faifai 12 yana da kyau, amma ranar da kacar ta tsinke sai ka jira wanda zai taho maka da ita daga Legas ko waje.

Haka batun taya. Akwai inci 26, 27.5 da 29. Ta 29 ta fi hayewa kan duwatsu ba tare da ta cije ba, dogon mutum kuma ya fi jin daɗinta. Ta 26 tsohuwa ce, kamfanoni sun rage yin ta a manyan kekuna, amma ita ce za ka samu tayarta da tib ɗinta har a kasuwar ƙauye. Tawa 27.5 ce, kuma ba na fita sai da tib na ajiya a jaka. Ka kuma duba bakin tib ɗin. Kekunan waje da dama suna zuwa da siririn baki da ake kira Presta, wanda famfon mai faci na bakin titi ba ya kamawa. Akwai ɗan mahaɗi na tagulla da ake ɗaura masa, bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, ka saye shi rana ɗaya da keken.

Birki kuwa ba na sassauci a kansa. Birkin roba mai matse rim yana aiki da rani, amma da damina, in laka ta shafe rim ɗin a gangara, sai ka matse har yatsu su yi ciwo keken na tafiyarsa. Birkin faifai mai waya ya fi shi, kuma kowane mai gyara zai iya canja masa waya. Mai mai, irin Shimano MT200, ya fi su duka, da ɗan matsi kaɗan yake tsayar da kai. Sai dai a nan ne aka taɓa cutata. Na kai wa wani mai gyara don ya ƙara mini mai, ya ɗauko man birkin mota ya ɗura bai ce mini komai ba. Birkin Shimano da man ma'adini (mineral oil) yake aiki, man mota kuwa kumbura robobin cikinsa yake yi. Ban sani ba sai a wata gangara mai tsakuwa, na matsa hannun birkin baya ya tafi har ya taɓa kan keke, babu abin da ya kama. Allah ne ya tsare, shingen ƙerana na wata gona ne ya tare ni. Tun daga nan duk keken gwanjo mai birkin mai da aka nuna mini, sai na matse hannun na riƙe shi na ɗan lokaci. In yana nutsewa a hankali, ko akwai danshin mai a jikin faifan, to a rage kuɗin sabon birki a cikin ciniki ko a bar maganar.

Sauran fa? Mai shoka gaba da baya na gaske abin sha'awa ne, amma kuɗinsa ya sayi babur, kuma ƙurarmu tana cinye boris ɗin gaɓoɓinsa. Mai ƙatuwar taya don yashi da ƙanƙara aka yi shi, a hawan Shere wahala ce zalla. Mai bodin kabon ba shi da nauyi, sai dai tsagewarsa ba ta nuna kanta, kuma ba a yi masa walda. Mai batir, da wace wutar za ka yi caji? Mai naɗewa na zagaya gari ne. Sabon ɗan China mai sunan kansa, irin Trinx, ba laifi in aljihu bai kai ba, aƙalla bai yi maka ƙaryar ko shi wane ne ba.

Wanda ke ƙona mini rai shi ne jabu, kuma shi ya cika kasuwa. Za ka gan shi yana ƙyalli, da ƙaton sifirin a tsakiyar bodi, da sunan wata babbar mota a jikinsa, wani lokaci da ƙafafu masu faffaɗan hannaye uku maimakon sifok. Kyan ɗan maciji ke nan. Sifirin nan ba ya shanye komai, lilo kawai yake yi da kai yana cinye maka ƙarfi. Kafin ka saurari dillali, ɗaga keken da hannu ɗaya. In ka ji ya doshi kilo 18 ko 20, ka ajiye. Ka tafi kasuwa da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, domin suna yin bodin baƙin ƙarfe da bututu masu kauri su fesa masa ruwan azurfa su rubuta alminiyam. Mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam. In ya manne, an gama magana.

Sunan Shimano ma ana wasa da shi. Wani a canja harafi ɗaya ko biyu yadda mai sauri ba zai lura ba. Wani kuma a sa abin canja giya na baya na gaske, mafi araha, don shi ido ke fara gani, sauran kayan duka marasa suna. Na gaske yana da lambar samfuri a jikinsa, a na baya tana farawa da RD, kuma yawanci tana ta ciki, sai ka leƙa. Buga ta a waya ka ga ko ta dace da abin da aka faɗa maka. Shokar gaba ita ma ka gwada ta: matse birkin gaba ka danna da nauyinka. Ta gaske, ko SR Suntour ce ko RockShox, tana nutsewa ta dawo a hankali. Ta jabu ko ta ƙi motsi ko ta dawo da ƙara kamar an rufe ƙofar kwano. In akwai maɓallin kulle ta, murɗa ka sake dannawa, don a wasu ado ne kawai, ba ya haɗe da komai.

Shi kansa gwanjon ba a shigarsa ido rufe. Akwai masu buɗe kwantena su kwance kaya masu kyau daga keken, su mayar da na banza, su sayar da bodin da sunansa, kayan kuma daban. In ka ga Trek ko Giant da feda, birki da giya sababbi fil marasa suna, ka tambayi inda na asalin suka tafi. Sabon fenti a kan tsohon keke abin tuhuma ne, haka sitika da aka manna a inda kamfani ba ya mannawa. Bi da yatsa wuyan keken, inda bututu ke haɗuwa a ƙarƙashin kai, da gindin sandar sirdi, da wajen feda. Nan alminiyam ke tsagewa. Waldar kamfani jere take, ƙwaya bayan ƙwaya. In ka ga wadda ta yi dunƙule, an gyara ne a gida, kuma alminiyam da aka yi wa walda ba a sake gasa shi a tanderun kamfani ba, yana rasa ƙarfinsa a daidai wurin. Kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, don in ta cije a ciki ba lallai ta fita ba. Juya keken ka dubi ƙarƙashin inda feda ke juyawa, nan lambar bodi take. In an goge ta ko an kankare, wataƙila na sata ne, kuma ranar da mai shi ya gan ka a kai, dillalin ba zai san ka ba. Ka karɓi rasit da lambar a rubuce.

Masu talla a intanet da hoton keke a kan dusar ƙanƙara suna cewa a turo rabin kuɗi tukuna, wannan cinikin biri a sama ne. Haka mai shagon da zai ce maka “Alhaji, ai ba a hawa sai an biya”. Ka ce masa ka bar wayarka ko ɗan'uwanka a wurin, za ka zagaya layi. Ka bi giyar ɗaya bayan ɗaya ka taka da ƙarfi, in kaca tana tsalle haƙora sun cinye. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ya zama akwai tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da bututun sama. Keken da ya yi maka girma, komai arahar sa, a gangara zai kayar da kai.

Kada kuma ka ƙarar da kuɗin duka a kan keken. Ka bar na hular kwano ta keke, sabuwa, don wadda ta taɓa shan duka ta gama aikinta ko ba a ga tsaga ba. Ka bar na ƙaramin famfo, kayan faci, da ruwan nan mai kauri da ake ɗurawa a taya yana toshe huda da kansa. Da kaka, idan tsidau ya bushe a gefen gonaki, fita ɗaya sai ta bar maka huda uku a taya ɗaya.