Cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: abin da na gani da na raka ɗalibata

Ni tela ce, ina da shago a bakin kasuwa, ina kuma koya wa 'yan mata da zawarawa ɗinki. Sharhina na yau a kan cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ne, wadda ke cikin babban asibitin gwamnati na garinmu. Ba zan faɗi sunanta ko sunan jihar ba, domin irin waɗannan cibiyoyi ba su da yawa, in na faɗa, mai son gano wadda na raka zai gano ta. Ita ce ta yarje mini in rubuta, bisa sharaɗin kada kowa ya gane ta.

Ma'aikatan wurin sun yi aikin da ban taɓa ganin an yi wa talaka irinsa a asibitin gwamnati ba. Duk wadda wannan masifa ta faɗa wa, can nake ba ta shawara ta fara zuwa, kafin caji ofis, kafin gidan mai unguwa. Sai dai wurin ƙarami ne, lokacin aikinsa gajere ne, kuma ikonsa bai wuce bakin ƙofarsa ba.

Wadda na raka bazawara ce 'yar shekara 19. Ta kai ɗinkin wata mata gida da yammacin Asabar, ta tarar matar ba ta nan, sai mijin. Ba ta faɗa wa kowa ba sai Litinin da safe, da na ga ta zauna a kan keke ta kasa taka shi, hannunta na rawa har zare ya ƙi shiga allura. Na ja ta bayan labulen gwaji, nan ta faɗa mini. Wata kwastomata nas ta taɓa ba ni labarin cibiyar, don haka muka rufe shago muka tari A Daidaita Sahu.

Matsalar farko a bakin ƙofar asibitin muka same ta. Babu wani allo da ke nuna hanya, dole muka tambayi mai gadi, shi kuma ya ɗaga murya yana kwatance a gaban masu sayar da ayaba da 'yan jinya. Yarinyar ta ja hijabi ta rufe fuska. Kibiya da fenti a jikin bango da ta wadatar. Inda aka ajiye cibiyar kuwa an yi dabara, tana bayan ɗakin awon ciki, macen da ta nufi wajen babu mai kallonta sau biyu.

Ba mu yanki kati ba, ba mu bi layi ba, ba a karɓi ko sisi ba. Matar da ke kan tebur ba ta tambaye mu abin da ya kawo mu a gaban mutane ba, ta miƙe ta kai mu wani ɗaki ta rufe ƙofa. Nas ɗin da ta shigo, babbar mace mai sanyin murya, ta zauna a kujerar da ke gefen yarinyar, ta bar wadda ke bayan tebur. Abin da ta fara cewa shi ne, "Sannu ƙanwata. Kina so Antinki ta zauna, ko ta jira a waje? Duk wanda kika zaɓa daidai ne." Ta ce in zauna. Daga nan duk abin da za a yi sai an faɗa mata, an tambaye ta ko ta yarda: ɗibar jini, duba jiki, rubuta abin da aka gani, har da ko tana so a sanar da 'yan sanda. Da ta ce a dakata, aka dakata, aka kawo mata ruwa, nas ta yi shiru tana jira har ta ce a ci gaba. Wannan a wurina shi ne mafi girman abin da cibiyar take yi. Mace ce da aka yi watsi da "a'a" ɗinta kwana biyu da suka wuce, ga shi yanzu ta ce a tsaya kuma an tsaya.

An yi mata gwajin HIV da na ciwon hanta da na ciki. An ba ta maganin kariya daga HIV, wanda likitoci ke kira PEP. Nas ta yi mana bayani dalla-dalla cewa dole a fara shan sa cikin awa 72 da faruwar abin, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma za a sha kullum har kwana 28 ba fashi. Ta gargaɗe ta cewa zai iya sa ta tashin zuciya da kasala, kada ta daina. An ba ta ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, wadda ke aiki cikin kwana 5, da magungunan cututtukan sanyi. Allurar rigakafin ciwon hanta ce ta ƙare musu, muka saye ta a kemis.

Yarinyar ta riga ta yi wanka ba adadi, ta kuma wanke kayan da ke jikinta ranar. Nas ba ta yi mata faɗa ba, ta ce kusan kowa haka take yi, kuma akwai sauran alamun da za a iya rubutawa. Amma ta ce mini in faɗa wa mata: in da hali kada a yi wanka kafin a zo, kayan kuma a naɗe su a takarda, kada a sa a leda, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. Likitan da ya rubuta rahoto namiji ne, shi kaɗai ke aiki ranar. Ya yi mutunci, nas ma ba ta matsa ko'ina ba, amma na ga yadda jikin yarinyar ya ƙage da ya shigo. Wuri irin wannan yana buƙatar likita mace a kowace rana.

Mai ba da shawara ita ce ta biyu da nake yaba wa. Ba ta tambaye ta me ya sa ta shiga gidan ba, ko wane kaya ta sa, ko me ya hana ta ihu. Ta ce mata mutane da yawa jikinsu sandarewa yake yi don tsoro, muryar ma ta ƙi fita, kuma wannan ba yarda ba ce. Ta maimaita mata cewa laifin ba nata ba ne. Ta sa mata ranakun dawowa, kuma da ta fasa zuwa sau ɗaya saboda kuɗin mota, matar ta kira wayata tana tambayar lafiya. Ita kaɗai ce ke wannan aiki a cibiyar. A bencin jira na ga iyaye riƙe da yara ƙanana, har da maza. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi da UNICEF a 2014 ya gano cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 na fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Da na ga bencin nan sai na daina mamakin alƙaluman.

Babban aibin wurin shi ne lokacin aiki. Ana tashi da la'asar, Asabar da Lahadi a rufe. Ko da ɗalibata ta faɗa mini a daren da abin ya faru, da kwaɗo za mu tarar a ƙofar. Maganin da ke da wa'adin awa 72 bai kamata a kulle shi a ɗaki kwana biyu ba. Babu kuma wurin kwana ga wadda mai laifin yake cikin gidansu. Ban ɗora wa ma'aikatan wannan ba, su kansu sun ce sun nemi ƙarin mutane. Irin waɗannan cibiyoyi ba su daɗe a ƙasar nan ba. Ta farko, Mirabel, an buɗe ta a Legas a 2013. A Arewa akwai Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da Nana Khadija a Sakkwato, da cibiyoyin Salama na jihar Kaduna a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan. Da yawa daga cikin cibiyoyin ƙasar nan da tallafin ƙungiyoyin waje suka tsaya da ƙafafunsu, musamman kuɗin Tarayyar Turai. Abin kunya ne a ce jihar da ke sayen motocin alfarma tana jiran baƙi su saya mata allurar da 'ya'yanta ke buƙata.

Yarinyar ta zaɓi ta kai ƙara, cibiyar ta ba da rahoton likita a rufe cikin ambulan, ta kuma haɗa mu da wata lauya daga ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA wadda ba ta karɓi kuɗi ba. A caji ofis tambayar farko da aka yi mata ita ce ko budurwa ce. Da aka ji bazawara ce, sai fuskoki suka canza. An nemi kuɗin mai da kuɗin takarda, sai da lauyar ta zo aka bar zancen. An kama mutumin, ba a daɗe ba ya fito, sannan dattawa suka fara sintiri gidan iyayenta da goro da ambulan. Mahaifinta, mutumin kirki mai sayar da itace, ya zo shagona ya ce, "Malama, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Mu talakawa ne, ki taimaka a rufa mana asiri." Na tausaya masa ƙwarai, domin tsoronsa gaskiya ne, yana tunanin wa zai aure ta gobe. Amma na ce masa, Baba, asirin da ake so a rufa na mutumin ne. Shi yana zuwa masallaci yana gaisawa da kowa, 'yarka ce ta daina fita.

Wasu suna kirana 'yar feminis, suna cewa aƙidar Turawa na ɗauko. Ni a islamiyyar unguwarmu na koyi cewa a mazhabar Malikiyya macen da aka tilasta babu haddi a kanta, shi ne ke ɗaukar hukunci, kuma sai ya biya ta sadakin irinta. Malaman ba su ware bazawara daga wannan ba. Mu ne muka ware ta. Idan ƙaramar yarinya aka yi wa, gari kan tashi, a rediyo a yi ta Allah wadai, kuma daidai ne. Idan babbar mace ce, musamman wadda ta taɓa aure, ko 'yar aiki, ko mai talla, sai a koma binciken halinta. Duk namijin da ke da wannan mugun nufi ya san wace mace ce ba za a yarda da maganarta ba, ita yake zaɓa.

'Yan siyasa sun iya fushi idan kyamara na kallo. A watan Yunin 2020, bayan an yi wa wata ɗalibar jami'a fyaɗe an kashe ta a birnin Benin na jihar Edo, gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, Sufeton 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce an kai rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu. A watan Satumba gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, ya sa hannu kan dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Mutane da yawa sun yi murna. Ni dai ra'ayina, tsananin hukunci ba ya tsorata wanda ya tabbata ƙararsa ba za ta wuce zauren mai unguwa ba. Kuma idan mai laifin kawu ne ko ɗan uwa, jin cewa kisa ne ke jiransa yakan ƙara sa dangi su danne maganar. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 12 ba, da diyya, da rajistar masu laifin, amma sai kowace jiha ta amince da ita, kuma jihohin Arewa da dama sun ja ƙafa shekaru. Matan da suka tsaya wa wannan fafutuka sun sha wuya. Da aka fara gangamin ArewaMeToo a 2019, wanda Fakhrriyyah Hashim ta sa wa suna, 'yan mata suka fito suna faɗin abin da aka yi musu, cikin waɗanda 'yan sanda suka kama har da Maryam Awaisu, mai taimaka wa waɗanda aka zalunta.

Wa ke zaune a wurin da ake rabon kuɗin? Majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023 tana da kujeru 109, mata 4 ne a ciki. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi fatali da ƙudurorin da za su ƙara wa mata kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofarta. Ga shi mu ne ke cika layin zaɓe tun asuba, a ba mu atamfa da sabulu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka tana neman a ba matan Arewa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a ƙarshen shekarun 1970, kuma yau a asibitin da ke ɗauke da sunanta a Zariya ɗaya daga cikin cibiyoyin Salama take. Na kai maganar ƙungiyarmu ta mata teloli, mun yanke cewa duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu za mu tambaye shi nawa zai sa wa cibiyar a kasafin kuɗi, da yaushe za ta fara aiki dare da rana.

Ɗalibata ta gama shan maganinta, gwajin da aka sake yi mata ya fito lafiya. Ta ƙi janye ƙarar. Kotun majistare ba ta da hurumin yanke irin wannan shari'a, takardun suna ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati kafin a wuce babbar kotu, lauyarmu tana bibiya.

Ga wadda abin ya same ta da dare ko a ƙarshen mako, ko wadda garinsu babu cibiya, kada a jira Litinin. A tafi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa, a faɗa wa likita abin da ya faru da lokacin da ya faru, a nemi PEP da sunansa da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, a roƙi ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu da kwanan wata. Idan cibiyar ta buɗe sai a kai mata takardar.